Bin sawun alƙalami: littafin aikin duba takardun marasa lafiya a Tawa

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Yau muka soma. Mu uku ne: ni, da Hajiya, ungozomar da ta yi ritaya aka roƙe ta ta dafa mana na wata huɗu, sai wani matashi mai kula da alƙaluma, shi ke riƙe da kwamfuta. A baki aikin ba wuya. Za mu zaga CSI huɗu, wato ƙananan gidajen likita, biyu a cikin garin Tawa, biyu a karkara, mu buɗe rajistoci da dosiyoyin da aka cika daga Yuli zuwa Oktoba, mu faɗi ko abin da ma'aikata ke rubutawa a kan marasa lafiya ya kai ko bai kai ba. Da gangan muka zaɓi waɗannan watanni. Lokacin masassara ne, mata na cika rumfa da goyo tun kafin hantsi, ga rabon maganin rigakafin masassara na wata-wata ga yara ƴan wata 3 zuwa 59 yana janye rabin ma'aikata zuwa ƙauyuka. Rubutun da ya tsira a watan Satumba zai tsira a kowane wata.

Ba zan kama sunan ko ɗaya daga gidajen likitan nan ba. Lamba na ba su, 1 zuwa 4, don mun yi wa majo, wato shugaban kowanne, alkawari cewa ba farautar mai laifi muka fito ba. Sun ce sun yarda, irin yardar da ake yi wa mai karɓar haraji in ya ce gaisuwa kawai ta kawo shi.

Takardar awonmu gurbi 12 gare ta ga kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 5: suna, shekaru, gari ko unguwa, nauyi, zafin jiki, abin da ya kawo shi, awon dantse, gwajin TDR (gwajin masassara na nan take), sunan cuta, magani da yawansa, ranar dawowa, da sa hannun wanda ya duba. In an cika, maki 1. In babu, sifiri. Layi 19 za mu ɗauka a kowace rajista, bisa dabarar da ake kira LQAS, wadda aka aro daga masana'antu inda ake buɗe kwali kaɗan don a yanke hukunci kan kaya duka. Ba mu zaɓa da ido: mu raba yawan layukan da 19, abin da ya fito shi ne tsallaken da za mu riƙa yi.

Laraba, 6 ga Nuwamba

CSI 1 ta kusa cinye maki duka. Matashin namu har ya soma shafa wa jadawalinsa launin kore. A mota na ce wa Hajiya ashe aikin nan ba zai ci wata huɗu ba. Ta daɗe tana kallon hanya, sannan ta ce, "Ɗana, rajistar damina da babu gyara ko ɗaya a cikinta, ni tsoro take ba ni."

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Yau ba mu auna komai ba. A CSI 3 rajistar Agusta tana ƙasan kabad, gara ta ci gefenta daga sama har ƙasa, daidai wurin da ake rubuta magani. Wata kuma ruwan rufi ya jiƙa ta, shafukan sun manne. Muka ƙara tambaya ɗaya da ba mu yi tunaninta ba tun farko: takardar ma tana nan?

Laraba, 13 ga Nuwamba

Maganar Hajiya ta fito. Mun koma CSI 1, wannan karo ba layi 19 na duba ba, shafi-shafi na bi gurbin zafin jiki da yatsa daga sama zuwa ƙasa. Daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba lambobi biyu ne kawai ke maimaita kansu: 37 ga wanda TDR ɗinsa bai nuna komai ba, 39 ga wanda ya nuna. Babu 38,4, babu 37,8, babu 40,1. Jikin ɗan Adam ba ya tafiya haka. Na tambayi majo cikin raha, shi ma ya amsa cikin raha: ma'aunin zafi ya faɗi ya fashe, aka yi mako uku kafin wani ya zo. "To, Malam, mu bar wurin fanko? Masu zagayen duba aiki su zo su ce ba mu aiki?"

Gurbin nauyi ma haka. Kusan kowane yaro kilo 10 ne ko 15, jarirai kuma 5 ko 8. Ma'aunin na nan lafiya lau, amma yana ɗakin rigakafi, can bayan tsakar gida, kuma in layi ya yi tsawo ba mai tashi. Wata ma'aikaciya ta ce mini, "Ai ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima." Karin maganar gaskiya ce a kasuwar hatsi. A nan kuwa maganin masassara da muke bayarwa, artemeter da lumefantirin, da nauyi ake raba shi: daga kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya, daga 15 zuwa 24 ƙwaya biyu, safe da yamma har kwana 3. Yaron da yake kilo 16 ido ya ce 14, rabin magani ya sha. Uwarsa za ta dawo da shi bayan mako biyu, a rubuta shi sabon marar lafiya, ba wanda zai haɗa layin farko da na biyu. In masassarar ta yi tsanani abin ya fi muni, domin allurar artesunat miligiram 3 ne ga kowane kilo in yaro bai kai kilo 20 ba. Ɗan kilo 14 da aka rubuta 10, miligiram 30 zai samu maimakon 42.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takardar awonmu da kanta. Ta ba CSI 1 maki a kan kowane 37 na ƙarya, ta kuma hana CSI 2 maki a wuraren da wani ma'aikaci ya ja layi ya rubuta cewa ma'auni ya lalace. Ke nan mun saka wa mai cike gurbi, mun hukunta mai faɗin gaskiya. Da yamma muka zauna ƙarƙashin bedi muka sake ta. Yanzu kowane gurbi tambaya uku ake yi masa. An cika? Abin da aka cika zai iya yiwuwa? Ya yi daidai da sauran layin? Yaron da dantsensa ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, amma babu inda aka ce an tura shi wurin masu kula da tamowa, gurbinsa a cike yake, layinsa kuma a karye.

Matashin ya ce wannan zai ninka aikin sau uku. Haka ne.

Talata, 19 ga Nuwamba

Kafin mu auna wasu, mun auna kanmu. Ni da Hajiya muka ɗauki layi 19 iri ɗaya, kowa ya ba da makinsa ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba. Mun saɓa a layi 6. Yawanci a kan gurbin abin da ya kawo yaro ne: ni ina karɓar kalma ɗaya, ita kuma ta ce in ba a rubuta kwana nawa ba, ba a rubuta komai ba. Ita ke da gaskiya. Zazzaɓin jiya da zazzaɓin kwana tara ba hanya ɗaya suke kai mutum ba, haka tarin kwana uku da tarin da ya haura mako biyu, wanda dole a yi zancen tarin fuka a kansa. Muka rubuta ƙa'idar kowane gurbi a kaye ɗaya, muka sake gwadawa da wasu 19. Saɓanin ya koma 1, shi ma a kan wani rubutun hannu ne da ba wanda ya iya karantawa, har da mai shi da muka kira.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Ɗakin haihuwa. Nan Hajiya ce gaba, ni ɗan rakiya.

Ga wanda bai san partogiram ba, takarda ce guda da ake bin naƙuda da ita. Ana ɗiga buɗewar bakin mahaifa duk awa 4, bugun zuciyar ɗa duk minti 30, tare da ƙarfin naƙuda, launin ruwa, tansiyo da bugun jinin uwa. Akwai layi biyu a karkace. Na farko na faɗakarwa ne, yana tafiya da santimita ɗaya a awa. Na biyu yana awa 4 a damansa, wanda in aka kai shi dole a yi wani abu. Wani likita mai suna Philpott da abokin aikinsa Castle suka fito da waɗannan layuka a 1972 a Rodeshiya, Zimbabuwe ta yau, kuma don irin wurarenmu suka yi su: ungozomar da ke nesa da ɗakin tiyata ta san lokacin neman mota tun kafin abu ya ɓaci. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabuwar takarda da ke soma ƙirga daga santimita 5, ta kuma yi watsi da ƙa'idar santimita ɗaya a awa, amma abin da muka tarar a aljihun tebur tsohuwar ce mai somawa daga 4, da ita muka auna.

Hajiya ta baje guda 19 a kan gadon awo. Ba ta karanta lambobi ba tukuna, tawada ta duba. Ta ware 11 gefe guda. Kowace daga cikinsu bik ɗaya ne, hannu ɗaya, nauyin hannu ɗaya, tun daga ɗigon farko har na ƙarshe, ko da naƙudar ta soma da azahar ta ƙare da asuba, ta ratsa gardi biyu. Ɗige-ɗigen sun bi layin faɗakarwa kamar an sa musu rula, bugun zuciya kuma 140, 140, 140. An cika su ne bayan an yanke cibi, wataƙila ma ranar da za a haɗa rahoton wata. Sai ta ɗaga wata guda da ta yi datti, gefenta da tabon jini da ya bushe ya koma ruwan ƙasa, rabinta shuɗin bik rabinta baƙi, akwai wurin da awa biyu suka wuce ba a ɗiga komai ba, an rubuta a gefe da ƙaramin rubutu cewa wata ta zo da zubar jini. Ɗigon ƙarfe 2 na dare ya tsallake layin farko, ƙarfe 3 an rubuta an kira mota. Hajiya ta ce, "Wannan ita ce ta yi aiki. Sauran hoto ne."

A tsohuwar takardar awonmu, waccan mai dattin ce za ta zo ta ƙarshe.

Ungozomar da ke gardi yarinya ce, ba ta fi shekara biyu da fita makaranta ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen hijabinta. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗiyata, da dare ku nawa ne a nan?" Ta ce ita kaɗai, sai matar da ke taya ta shara da wanke kaya. In kuran ya ɗauke, fitilar waya take riƙewa a baki. "Inna, in mata uku suna naƙuda, hannuna da safa, da me zan riƙe bik?" Hajiya ta ce ta sani, ita ma ta yi wannan gardin kafin a haife ta. Ta ce mata abin da take so ɗaya ne: in ta cire safa bayan ta duba mace, ta ɗiga ɗigo ɗaya da lokacinsa kafin ta taɓa wani abu, wurin da ba ta samu dama ba kuma ta bar shi fari. Ta ce farin wuri yana gaya wa mai karɓar gardi cewa awa biyu ba wanda ya saurari ɗan nan, ta yi maza ta saurara. 140 na ƙarya kuwa cewa yake yi ta je ta sha shayi.

Ban ce komai ba. Na rubuta maganar a kayena yadda ta faɗe ta.

Alhamis, 5 ga Disamba

Wani abu da takardar awo ba ta kamawa: harshe. Uwa tana magana da Hausa, wani lokaci Tamajak ko Fulatanci ta bakin tafinta, ma'aikaci kuma yana rubutu da Faransanci. Na zauna awa biyu a ɗakin duba na CSI 2 ina saurare. Wata ta ce ɗanta kwana huɗu ba ya kama nono, jikinsa ya saki, jiya da dare ya sandare idonsa ya juye. Abin da ya sauka a rajista kalma ɗaya ce mai nufin zazzaɓi. Ƙin nono da sanƙarewa alamomin haɗari ne da aka koya mana a tsarin PCIME na kula da cututtukan yara, kowace ɗaya ta isa a tura yaro babban asibiti. Ma'aikacin ya gane, ya ma tura shi, aikinsa daidai ne. Takardar ce ba ta san dalili ba.

Sai haruffan nan uku, RAS, wato babu abin faɗi. Na gan su a gurbin ƙirji, a gurbin ciki, har a layin yaron da aka rubuta wa ciwon huhu. In ƙirjinsa babu abin faɗi, daga ina ciwon huhun ya fito? Ƙidayar numfashi ce hujja: 50 ko fiye a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Wannan kuma ya jawo maganar shekaru, don yawancin iyaye da girbi ko sallar layya suke ƙirga, ma'aikaci ya rubuta shekara 1 ga ɗan wata 10 da ɗan wata 20 baki ɗaya. Akwai wani likitan Amurka, Lawrence Weed, da tun shekarun 1960 ya ce kowane rubutu a kan marar lafiya ya bi matakai huɗu: abin da ya faɗa, abin da ka gani ko ka auna, abin da kake zato, da abin da za ka yi. Rajistocinmu suna da na uku da na huɗu. Na farko da na biyu suna cikin kan ma'aikaci, suna tafiya gida tare da shi.

Talata, 10 ga Disamba

Ranar matashinmu ce. Ya ƙirga masu masassara na Satumba a rajista, ya kwatanta da rahoton wata na takarda, ya kwatanta da abin da ke cikin DHIS2, manhajar nan da jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙirƙira, wadda alƙaluman lafiyar ƙasarmu ke bi su isa Yamai. A CSI 4 lambobin uku sun kusa haɗuwa. A CSI 3 bambancin ya fito ne daga wasu kwanaki da rajista ta ƙare aka koma rubutu a kayen ƴan makaranta, wanda aka manta da shi ranar haɗa rahoto.

Ni kuma na ƙirga takardu. Yaro ɗaya mai masassara da tamowa sai an rubuta sunansa a rajistar duba, a karnen da uwarsa ke riƙewa, a ordonans, a rajistar gwaji, a fish ɗin tamowa, sannan a takardar kyauta, domin tun 2006 ƙasar nan ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, kuma sai da takarda gidan likita zai nemi a biya shi. Suna ɗaya sau shida. Na lura da wani abu da bai ba ni mamaki ba: takardar da kuɗi ke bayanta ita ce ta fi cika tsaf. Wadda ma'aikacin gobe zai karanta ita ake bari sai in lokaci ya rage.

Alhamis, 19 ga Disamba

Tsallaken ƙirga ya faɗa kan wani layi a CSI 4, na ga hannuna. Na manta cewa a Agusta na riƙe musu kwana biyar da majonsu ya yi tafiya. Nauyi kilo 10. Zafin jiki 39. Ranar dawowa babu. Sa hannu wani ƙugiya ne da ko ni sai da na yi tunani. Hajiya ta karɓi takardar ta ce ita za ta ba da makin wannan, ta ba ni abin da na cancanta, tana dariya tana cewa wanzami ba ya son jarfa. Na tuna ranar sarai: yara sun haura saba'in, kuma ma'aunin yana ɗaya ɗakin.

Laraba, 8 ga Janairu 2025

Mun bi takardun turawa. Takardar gida biyu ce: sama na wanda ya tura, ƙasa na wanda ya karɓa, ya cika ya mayar don na baya ya san ƙarshen labari. Muka ɗauki mata 12 da CSI 3 da 4 suka tura, muka je inda aka karɓe su muka nemi dosiyoyinsu. Mun samu takardar turawa a cikin 8. Sauran wataƙila suna aljihun wani miji ko ƙanin miji har yau. Ɓangaren ƙasa kuwa, guda ɗaya tak ya koma inda ya fito.

Ɗaya daga cikin takwas ɗin ta hana ni barci. Mace mai cikin fari, jijjiga ta kama ta, tansiyo 17/11. An rubuta an ba ta sulfat na magneziyom. Ba adadi, ba lokaci, ba hanyar da aka bi. Tsarin da muka saba da shi giram 14 ne a farko, 4 ta jijiya, 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk awa 4, kuma kafin kowace allura sai an tabbata numfashi bai gaza 16 a minti ba, gwiwa tana harbawa in an buga, fitsari yana fita. Wadda ta karɓe ta ƙarfe 4 na asuba tana da zaɓi biyu, duka ba daɗi: ta sake bayar da na farko ta yi kasadar tsayar da numfashi, ko ta jira ta yi kasadar wata jijjigar. A dosiye na ga ta rubuta cewa ta kira waya sau uku ba a shiga ba, sai ta tambayi uwar yarinyar, wadda ta ce allura biyu aka yi mata a baya, ɗaya a hannu, bayan sallar isha. Da bakin tsohuwar nan aka yi lissafin magani. Matar ta tashi, ɗan ma ya rayu.

Daga yau mun ƙara wa takardar awo tambaya ta ƙarshe, kuma ita nake fara dubawa: in aka miƙa wa baƙon ma'aikaci wannan takarda ƙarfe 3 na dare, ba waya, ba mai ba da labari, zai iya ci gaba da jinyar?

Alhamis, 23 ga Janairu

Taron mayar da sakamako, da majo huɗu da ungozomominsu. Hazo ya rufe gari, kowa da rawani ko gyale a hanci. Na soma da layina na Agusta, na haska shi a bango ba tare da sunan yaron ba, na ce ga na farkon wanda ya faɗi. Hakan ya sassauta ɗakin, amma bai hana majon CSI 1 tashi ba. Ya ce shekara da shekaru masu zagaye na zuwa da jan bik suna zagaye kowane gurbi fanko, yau kuma mun zo muna cewa fanko ya fi. "Ku manya ku daidaita bakinku tukuna." Ban da amsar da ta fi tasa. Na ce zan kai maganar sama a rubuce, kuma na kai.

Abin da aka amince da shi kaɗan ne, da gangan. Ma'aunin nauyi ya dawo bakin ƙofar ɗakin duba, wani rele, wato ɗan gari mai taya ma'aikatan lafiya aiki, ya riƙa auna yara yana rubutawa a karne tun suna layi. Abin da ba a auna ba a ja masa layi, a sa dalili da kalma ɗaya. Kowane magani da aka ba wanda za a tura a rubuta adadi da ƙarfe nawa. Partogiram kuma a rataye ta a jikin gadon da allo da bik ɗaure da zare, ta bar aljihun tebur. Wani ya kawo shawarar a ƙara sabuwar takardar bibiya, Hajiya ta ce in aka ƙara takarda ta bakwai ita ta koma gida.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Mun sake ɗaukar layi 19 a kowane wuri, na makonni uku da suka wuce. A ma'aunin cika gurbi, CSI 1 ta sauko ƙasa da inda take a Nuwamba. A ma'aunin abin da zai iya yiwuwa, ta hau. Yanzu akwai 11,3 da 8,7 a gurbin nauyi, akwai 38,2, akwai layuka da aka ja aka rubuta batir ya ƙare. Shugabanmu ya ga jadawalin ya kira ni ofis: wata uku ana aiki, kore ya koma rawaya? Na ɗauko masa shafin Agusta da shafin Fabrairu na ajiye su gefe da gefe, na ce ranka ya daɗe, bi gurbin nan da yatsa. Ya bi. Ya ce to a rahoto a sa jadawalin biyu, kada a sa ɗaya.

Ban ɗauki wannan a matsayin nasara ba tukuna. Fabrairu ba Satumba ba ce, layin yanzu bai kai rabin na damina ba, kuma sun san muna zuwa.

CSI 3 ba abin da ya canja. Relen da zai auna yara ya tafi cirani.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Azumi ya matso, Hajiya za ta koma gida ƙarshen mako. Mun leƙa ɗakin haihuwar nan ba tare da sanarwa ba, bayan magariba. Allon yana rataye a gado na biyu, bik ɗin ya ɓace, an ɗaura fensir a zaren. Ɗigo uku ne a takardar, na ƙarshe ƙarfe 6 da minti 40, akwai wuri fari tsakanin 4 da 5 da rabi. Yarinyar tana wanke hannu, ta ce mana matar gado na ɗaya ce ta haihu a lokacin.

Abin da ya rage a kayena: takardun turawa huɗu da ba mu gano ba, kabad mai ƙafar ƙarfe ga CSI 3, da amsar wasiƙar da na rubuta kan jan bik. Matashin ya sa ranar 15 ga Satumba a kwamfutarsa don zagaye na uku. Na ce ya bar ta a nan, kada ya gaya wa kowa.